Jan Ɗigo A Hanyar Saminaka

Shekarun baya can, lokacin ina karatun digiri na biyu a jami'ar da ke Samaru, saura ƙiris in raba wani dattijo da aikin da ya yi shekara talatin yana yi. Ba da makirci ba, ba da ƙiyayya ba, da kwamfuta kawai, ita ma wadda ban gama sanin madannanta ba. Har yau in na tuna sai in fara dariya, daga baya dariyar ta ɗauke.

A lokacin kaina a kumbure yake. Na koyi ɗora bayanan tafiya a kan taswira, na koyi jera alƙaluma a jadawali, sai nake ganin duk wanda bai iya wannan ba a duhu yake rayuwa. Abin da ya rage min shi ne in samu bayanan gaske da zan yi aikin kammala karatu da su, don malamina ya rantse in na kawo masa na ƙage, da kansa zai yaga a gabana.

Ina da wani aboki da muke ɗaki ɗaya. Asalinsu 'yan kudu ne, amma kakansa ne aikin jirgin ƙasa ya kawo Zariya, don haka shi da mahaifiyarsa duk a Sabon Gari aka yanke musu cibiya. Hausar mahaifiyar tasa ta fi tawa daɗi, in ta yi maka faɗa da ita sai ka rasa inda za ka sa kanka. Kowa Mama yake ce mata. Tana da shago a unguwar PZ, kuma da mijinta ya rasu ya bar mata manyan motoci shida. Sau biyu a mako suke lodin masara da waken soya, su tashi da safe ɗaya bayan ɗaya su nufi Jos, su dawo da dankali da kabeji.

Mama shago ta sani, ba ta taɓa zama a gaban babbar mota ba. Da nauyin ya faɗo kanta sai take ganin kamar ta ko'ina ana cin amanarta. Shi ne ta sa aka liƙa wa kowace mota tiraka, 'yar na'urar GPS ɗin nan da ke aiko da inda mota take duk bayan 'yan mintuna. Ta kuma kafa doka mai zafi: duk direban da motarsa ta lalace a hanya sau biyu cikin wata uku, zai zauna a gida wata guda, don a ganinta sakaci ne ba wani abu ba.

To tiraka tana ta aiko da bayanai, babu mai karantawa. Da abokina ya gaya mata abin da nake nema, ta ce in zo. Na same ta a shago tana faɗa da wani mai baro.

"Injiniya," in ji ta. Haka take kirana, ni da ko ƙwan fitila ya mutu sai na nemi taimako. "Ga shi nan wata takwas yana taruwa kamar shara. Ka duba min, ka gaya min wa ke aiki, wa ke wasa da hankalina."

Na ce, "Mama, ki ɗauka an gama." Har da ɗan gyara wuyan riga.

Mako biyu na yi a kansa. Abu na farko da aka koya mana shi ne, kafin ka yi lissafi sai ka tsince bayanai kamar yadda ake tsince shinkafa. Hanyar Zariya zuwa Jos, ta Soba da Pambeguwa da Saminaka, akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, tiraka ta rikice, ta nuna maka mota a tsakiyar gona ko a cikin kogi. Saboda haka duk tafiyar da ta yi nisa da abin da motar ta saba yi, ana cire ta a ajiye gefe, a ɗauka kuskuren na'ura ne. Na bi motocin ɗaya bayan ɗaya. Ta farko tana da tafiya uku ko huɗu da suka yi tsawo fiye da kima, na cire. Ta biyu ma haka, na cire. Har ta biyar ina cirewa ina jin kaina kamar likita. Da na zo ta shida sai na ga doguwar tafiya ita ce ma al'adarta, gajerun ne 'yan kaɗan, don haka ban taɓa komai nata ba.

Sakamako ya fito fes. Motoci biyar suna kai wa Jos cikin awa bakwai ko kusa da haka. Ta shida takan ci awa tara, wani lokaci goma. Ba nan ta tsaya ba, har tsawon hanyar ma nata daban ne, sau da yawa takan ƙara kilomita talatin ko arba'in a kan na sauran. In ka ɗora layinta a taswira sai ka ga ta tsaya a wani wuri, ta wuce gaba, ta juyo baya, ta sake tsayawa, sannan ta miƙe. Na yi mata jan launi don ta fito sosai. Na buga shafi goma sha biyu, na sa a leda mai kyau, na hau bas zuwa PZ ina jin na kama ɓarawo.

Mama ta ɗora tabarau ta karanta. Da ta zo kan lambar motar sai ta cire tabaran ta ajiye.

"Baba ne," in ji ta.

Baba shi ne babban direbansu, mutumin Zabi, tun mijinta yana da mota ɗaya tak suke tare. Ta ce ta sha tambayarsa me ke sa shi makara, amsarsa ɗaya ce kullum: "Hanya ce, Madam."

"Na tsani maganar nan," ta ce. "Tun zamanin maigida nake jin ta, har ta ishe ni. Ko gas ɗin motar yake sayarwa, ko lodin gefe yake yi, oho masa. Ban taɓa zaton shi ba. Ranar Asabar ya kawo min makulli."

Ranar Litinin ce. Na koma Samaru da ƙunshin kifi da ta ba ni, na ci abina ban ji komai ba. In ma da abin da na ji, to alfahari ne.

Amma ni ina da wata cuta, in abu bai zauna min daidai a kai ba, ba na iya barinsa. Washegari ina shirya babin da zan kai wa malamina, na ce bari in yi jerin wuraren da Baba ke tsayawa, don aikin ya ƙara kyau. Na zata zan samu wuri ɗaya ko biyu. Ai mai sayar da gas a ɓoye yana da mutuminsa, mutumin kuma yana da rumfarsa. Mai lodin gefe a gari yake ɗauka, a gari yake saukewa. Mai tsayawa cin tuwo ma yana da mai tuwonsa. Sallah kuwa duk suna tsayawa, kuma minti goma ne. To na jera tsayuwar Baba sama da ashirin, babu guda biyu da suka faɗa wuri ɗaya. Yau bayan Soba, gobe gaban Dutsen Wai, jibi wani daji da ko suna ba shi da shi a taswira. Wane irin ɓarawo ne ba shi da wurin sata?

Sai kuma wani abu na biyu. Tiraka tana nuna lokacin da aka tayar da inji. Kusan kowace ranar tafiya, injin Baba ne ke fara tashi a gareji, tun sauran ba su zo ba. Amma motarsa ce ke fita a ƙarshe, wani lokaci sai da awa guda bayan ta biyar ta wuce. Mutum ya riga kowa zuwa, ya zauna yana jiran kowa ya tafi. Na tambayi abokina, ya ce shi tun yana yaro haka ya gani, bai taɓa tambaya ba. Na yi ta juya abin a raina har a aji, malami yana magana ina zana hanyar Saminaka a bayan littafi.

Ranar Alhamis da rana aka kawo wuta, na buɗe kwamfuta. Fayil ɗin da na tsince yana cikin filas na ajiye bayanai, filas ɗin kuma abokina ya ara ya tafi da shi. Don ƙiwar jira sai na buɗe ɗanyen bayanan, wanda ban cire komai daga ciki ba, kuma don ƙiwar rarrabewa sai na zuba motocin shida gaba ɗaya a taswira guda. Abin da ban taɓa yi ba ke nan. Manhajar taswirar tana da wani madanni da ke sa ɗigo ya riƙa tafiya daidai da agogo, kamar ana kallon fim. Na danna shi don wasa kawai.

Ɗigo shida suka fito daga Sabon Gari suna bin juna, kowanne da launinsa, ja na Baba a can baya. Gaban Dutsen Wai sai kore ya tsaya cak. Waɗanda ke bayansa suka ɗan rage gudu suka wuce. Agogo yana ta tafiya, kore bai motsa ba. Can sai ga ja ya taho, ya zo daidai kansa, ya tsaya. Suka zama ɗigo ɗaya. Bayan minti ashirin ja ya ɓalle shi kaɗai, ya tafi har Pambeguwa, ya ɗan tsaya, ya juyo ya dawo kan kore. Suka sake haɗewa kusan awa guda. Sannan kore ya tashi, ja ya bi shi a baya har Jos.

Na zauna baki sake. Na matsa zuwa wata tafiyar, wannan karon shuɗi ne ya tsaya kusa da Saminaka, ja ya zo ya same shi. Wata tafiyar kuma rawaya. Na ɗauko jerin tsayuwar Baba, na ɗauko jerin tafiye-tafiyen da na cire na kira su kuskuren na'ura, na ajiye su gefe da gefe. Rana ɗaya, awa ɗaya, wuri ɗaya. Kowace daga cikin motocin biyar jefi-jefi take lalacewa, shi ya sa nata ya zama tsakuwa a shinkafa na zubar. Shi kuwa duk wadda ta lalace shi ke tsaya mata, sai nasa ya taru ya zama hali. Da hannuna na wanke mutum biyar, na ɗora wa na shida dattinsu, na sa a leda na kai wa mai yanke hukunci. Kunya ta rufe ni, ni kaɗai a ɗaki.

Washegari bayan an sauko Juma'a na nufi garejinsu. Na samu Baba a kan benci ƙarƙashin dalbejiya, wani tsohon akwatin ƙarfe a buɗe a gabansa, yana goge sifana ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Gajere ne, fari ya cinye gemunsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ni ne na yi rubutun nan."

"Na sani," ya ce, bai ɗago ba. "Ai an nuna min kai. Zauna, ɗan boko."

Na ce na ga abin da yake yi a hanya. Ya ce me na gani. Na ba shi labarin wata Talata cikin damina, gaban Dutsen Wai, yadda ya tsaya, ya je Pambeguwa, ya dawo. Sai ya ajiye sifanar ya dube ni sosai.

"Fambel ɗin injin yaron ne ya tsinke ran nan. Ikon Allah. Wato abin nan naku har wannan ya gani? To bai ga ruwan da ya dake mu ba?"

Na ce bai gani ba. Ya yi dariya har da tari.

"Mu a nan babba ba ya shiga gaba," ya ce. "Babba shi ke baya, akwatin nan a wurinsa. Kaya na da lokacin saukewa, ba zai yiwu kowa ya tsaya ba. Sauran su wuce, wanda hanya ta kayar ya zauna da hankalinsa a kwance, ya san akwai mai zuwa. Ni ma an yi min. Marigayi maigida shekara tara yana bina a baya, tun yana tuƙi da kansa. Ranar da ya bar sitiyari ya miƙo min akwatin, ko magana bai yi ba."

"To Baba, me ya hana ka gaya wa Mama?"

"In ce mata me? In ce ran kaza wane ya lalace, ran kaza wane? Ka san dokarta. Wancan direban da kake gani matarsa ta haihu, ko arba'in ba ta yi ba. Wancan shi ke riƙe da gidansu gaba ɗaya. Motocin ne suka tsufa, ba su ne masu sakaci ba, amma Madam tana cikin zafin rashi, ba za ta ji ba. Sun so su je su faɗa, na hana. Ni na aurar da nawa, in ta karɓi makulli gonata na nan."

Na ce to wa zai riƙe akwatin. Ya kalli akwatin, ya ce shi ne kawai abin da ke damunsa. Da na miƙe zan tafi ya riƙo hannuna. "Ka ji, kar ka kai mata sunan kowa. In ka kai ban yafe ba."

Na dawo ina tunanin yadda zan kwance abin da na ƙulla ba tare da na ƙulla wa wasu ba. In na yi shiru Baba ya tafi, in na kai mata jadawali mutum biyar su shiga uku. Dabarar da na samu ƙarama ce, amma ita ce abu ɗaya a duk aikin nan da nake alfahari da shi har yau. Na goge lambobin motocin biyar, na mayar da su duka launin toka, na cire ranaku. Ja kaɗai na bari.

Asabar da safe na isa PZ. Baba ya riga ni, yana zaune a benci a bakin shago, makulli a hannunsa, ya sa sabuwar hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na shige na ce, "Mama, ki ba ni minti biyar kafin ki kira shi. Aikin da na kawo miki akwai kuskure, kuma nawa ne."

Ta harare ni ta saman tabarau. Na ajiye kwamfutar a kan buhun sukari na kunna, ban yi wani bayani ba. Ta ga toka ya tsaya, ta ga ja ya zo, ya tafi, ya dawo. Na nuna mata na biyu, na nuna na uku. Ta ce in sake. Na sake.

"Wace mota ce wannan da ta tsaya?"

Na ce ba zan iya faɗa ba.

"Injiniya, a gidana kake cin sakwara, ka dube ni ka ce ba za ka faɗa ba?"

Na ce, "Mama, ko da za ki hana ni sakwarar." Da ƙyar na faɗa, don har ga Allah ina son sakwarar nan.

Ta ƙwala wa Baba kira. Ya shigo ya miƙa mata makulli da hannu biyu, ba ta karɓa ba. Ta nuna masa jan ɗigon da yatsa ta ce, "Tun yaushe kake wannan?"

"Tun zamanin maigida, Madam."

"Ya san kana yi?"

"Shi ya koya min. Kafin ni shi ke baya."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya irin haka ba. Ta laluba kujera ta zauna. A kan kwamfutar ja ya isa Saminaka, ya juyo, yana komawa baya a hankali, ita kuma ta kafa masa ido.

"Saminaka," ta ce, kamar da kanta take magana. "Shekara nawa ina yi wa maigida faɗa. Kowa ya dawo shi bai dawo ba, in an tambaya a ce an gan shi a Saminaka. Na ce yana da wata a can. Har wurin fasto na kai ƙararsa. Na taɓa yin mako biyu ban ba shi abinci da hannuna ba." Ta juyo ga Baba. "Me ya sa bai gaya min ba?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Ai ya gaya miki, Madam. Hanya ce."

Ta yi wata irin dariya, hawaye na zuba, ta ja bakin zani ta rufe fuska. Ni da Baba muka tsaya kowa na kallon ƙasa. Da ta natsu ta ce ya mayar da makullinsa aljihu kafin ranta ya ɓaci, kuma ya gaya wa sauran dokar zaman gida ta mutu daga yau, duk wanda ya lalace ya zo ya faɗa a gyara. Ni kuwa ta ce in ɓace mata da gani, injiniyan banza, amma in biyo gida gobe bayan sun taso coci akwai miyar agushi.

Na sake rubuta aikin daga farko. Malamina ya karanta ya ce babin da na bayyana kuskurena ya fi sauran duka, ban san ko yabo ba ne ko zagi. Baba ya ƙara wasu shekaru kafin ya koma gonarsa, ya miƙa akwatin ga wanda ke bi masa.

Yau wannan aikin nake ci da shi, kullum ina gaban taswira ina kallon motocin mutanen da ban taɓa gani ba. Na'urar ba ta yi min ƙarya ba ko sau ɗaya, duk mintin da ta ce Baba ya tsaya, ya tsaya. Ni ne na dube shi shi kaɗai, ban duba wa ke gefensa ba. Shi ya sa yanzu in na ga tafiyar da ta fita daban, hannuna ba ya saurin zuwa wurin gogewa. Sai na fara tambayar wa ke kusa da ita a lokacin, in da hali kuma in je in tambayi mai tuƙin.

Bayan kamar mako guda da faruwar abin Mama ta sa na tura mata ɗan fim ɗin nan a wayarta. Abokina ya ce ta canza waya sau uku tun lokacin, kuma kowane karo shi take fara cewa a mayar mata. In kasuwa ta yi sanyi da rana takan kunna, ta zauna tana kallon jan ɗigon yana isa Saminaka yana juyowa. Ta san sarai ba motar mijinta ba ce, a zamaninsa ma babu tiraka. Amma ba ta taɓa kashewa ba sai ya koma ya tarar da wanda ke jira.